Ranar da Aka Yi wa Wuta-wutar Dakta Gayya

Jama'ar guruf, salamu alaikum. Ni dai ko tsufa na yi har haƙorana suka zube, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi wa gonar gwajinmu gayya ba. Yau na fito daga difens, wato kare aikina na kammala karatu, an ce na haye, ga caji cike ga data. To ku 'yan aji uku da za ku fita aiti bana, zaman koyon aiki, ku gyara zama. Masu cewa in yi boyis, saƙon murya, ba zan yi ba, dariya ba za ta bar ni ba. Yatsa zai yi aiki.

Inda aka tura ni aiti wata tashar gwaji ce ta hukumar binciken noma ta gwamnati, a wani ƙauye tsakanin Bagwai da Kunci. Kar wanda ya tambaye ni sunan hukumar, ina son in samu aiki wata rana. Da na ji an ce tasha, na ɗauka gilasai zan tarar da esi mai sanyaya ɗaki da mutane cikin farar riga. Baaba, ofis ne ɗaki uku, sito ɗaya, famfon burtsatse, sai gona. Gonar kuma ba shinge. Ta ko'ina gonakin mutanen gari ne suka manne mata, don a can ba a barin ƙasa ta zauna haka nan. In ka tsaya a kunyar ƙarshe ta gwamnati ka yi miƙa, hannunka a cikin dawar wani yake.

Kuma kun san damunar da nake nufi, wadda mai ya haukace, masara ta zama abin kallo daga nesa. Leburorin tashar sun gaji da jiran haƙƙinsu sun koma gonakinsu. Janareta ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Ciyawa ta rufe hanyar shiga ofis har sai ka ɗaga wando. Garau-garau muke ci, man ma sai an karkata kwanon a rana kafin a gan shi.

Manya biyu ne a tashar. Akwai Manaja, Malam Lawan, shi ne mai makullai da sa hannu da hatimi. Ba ɗan kimiyya ba ne, ta ɓangaren mulki ya taso, kuma mutum ne mai tsoron hedikwata kamar me. In waya ta yi ƙara ya ga lambar Kano, miƙewa tsaye yake kafin ya ɗauka. Sai Dakta Hajara, babbar jami'ar bincike, ita ce ogata. Ba ta da yawan magana, kullum da malafa a kan mayafi da takalmin roba, in tana gona ko sallama ka yi sai ka maimaita.

Bari in yi muku bayanin aikinta, don in ba ku gane shi ba labarin ba zai yi daɗi ba. Kun san wuta-wuta, wadda wasu ke ce wa ƙuduji, ciyawar nan mai fure ja-ja mai ɗan kyau da ke maƙale wa saiwar dawa ta tsotse ta har ta ƙone a tsaye. To Dakta tana gwada wani sabon irin dawa ne, a ga ko zai iya jure mata. Yadda ake yi, an yanka gonar fuloti-fuloti, kowanne da fegi da lamba. Wasu a shuka sabon iri, wasu a shuka kaura irin ta gida. Sannan, ku saurara da kyau, a kowane rami sai an zuba irin wuta-wuta da gangan, an cakuɗa shi da yashi. E, da gangan. Gwamnati na shuka abin da kowane manomi ke tsine wa. In ta fito sai a bi fuloti ɗaya-ɗaya a ƙirga. Inda ta yi yawa, irin ya faɗi. Inda ta yi kaɗan, irin ya yi ƙoƙari. Ƙirgar nan ita ce binciken gaba ɗaya, in babu ita dawa kawai kika noma.

Wannan ce damuna ta uku kuma ta ƙarshe da aka ba ta. Kuma abin ya yi kyau, Yasin. Fulotan kaura sun yi jajir da fure, dawar ta tsugunna ta yi rawaya. Na sabon iri kuwa sai ɗai-ɗai. Ko makaho ya shafa zai ji bambanci. Dakta ta ce babbar ƙirga sai fure ya gama buɗewa, kuma hakan ya faɗo daidai makon da kwamiti zai zo.

Kwamitin nan shi ne abin tsoro. Hukumar tana da majalisar gudanarwa, su ne ke sa ido a kan yadda ake aiki da abin gwamnati. Duk shekara sukan turo kwamiti ya zagaya tashoshi ya gani da ido, ya koma ya ba da rahoto. A shekarun daɗi yawon cin kaji ne. Amma a bana an riga an faɗa ƙarara: duk tashar da ba ta da abin nunawa za a rufe ta, a kwashe ma'aikata a mayar hedikwata, binciken da ke cikinta ya mutu a nan. Abin nunawar mu kuwa ɗaya ne tak, gonar Dakta. Ta tsara komai: kwamiti ya zo ya ga fure da idonsa, washegari mu shiga ƙirga.

Ana gobe za su zo, Dakta ta tafi Kano taron share fage. Ni kuma Manaja ya miƙa min jarka ya ce in bi hanyar Dawanau, duk inda na ga layi in tsaya, kar in dawo sai da mai, don ba zai yiwu manya su zo fanka ba ta juyawa ba. Na tafi tun da safe. Layin da na bi, har abota na yi da wani mai a-daidaita, ya ba ni labarin aurensa na fari da na biyu. Sai bayan azahar na samu, na hau ɗan acaɓa na dawo.

Tun daga nesa na jiyo ganga. Gangar noma, baaba, irin mai sa ƙafa ta motsa ba da izininka ba. Ina isowa na ga hanyar ofis tas, kamar an aske ta da reza. Samari sun fi a ƙirga, kowa da fartanya, zufa na zuba, makaɗi na bin su yana wasa su ɗaya-ɗaya, mata sun jera ƙoren fura a gindin darbejiya. Ashe Manaja ne ya je wajen Sarkin Noman garin ya roƙi alfarma, tunda ba leburori, a taimaka a yi wa tasha gayya kafin baƙi su zo. Na ce kai, Oga ya yi basira. Na ajiye jarka har na ɗan taka rawa, wata tsohuwa ta yi min guɗa.

Sai na juya wajen gona.

Kore shar. Daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ba ja ko ɗigo. Na murza ido na sake dubawa. Can gefe na hango wani tsauni, tsayinsa ya kai ƙirjina, jajir da shi. Wuta-wutar Dakta ce gaba ɗaya, ta kaura da ta sabon iri, an tuge an tara wuri guda. Fegin ma wasu an cire an jera su gefe tsaf, don kar su sa wani tuntuɓe.

Sarkin Noma ya taho yana share zufa da hularsa. Dattijo ne, Baba Ɗanjuma, murmushi har kunne.

"Ɗan Aiti, ka dawo? Yaya ka ga aiki?"

Na ce, "Baba... furen... ina furen?"

"Ga shi can, bari ya sha iska mu cinna masa wuta. Ko ɗaya ba mu bari ba. Na ce wa yaran nan duk wanda na ga ja a kunyarsa ba zai sha fura ba."

"Baba, ai shuka ta aka yi!"

Ya kalle ni, ya kalli na kusa da shi, suka kwashe da dariya. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, rana ta buge ka a layin mai. Je ka sha fura."

Na kwasa a guje ofis. Manaja na zaune yana goge kofunan baƙi da gefen rigarsa. Na ce, "Oga, ta kwaɓe! Sun tuge gwajin!" Ya ce wane gwaji. Na ja shi taga. Wallahi na ga lokacin da jini ya bar fuskarsa. Ya ce, "Ni hanya na ce musu da bakin ofis. Hanya!" Na ce to ai ba wanda ya tsaya ya nuna musu iyaka. Ya ce shi yana ciki yana shirya jawabi. Kuma ku da kanku kun sani, ka tara samarin ƙauye da ganga, ka ajiye su kusa da gonar da wuta-wuta ta yi fure, ka ce su wuce ta? Ko ɗaure hannunsu ka yi, da haƙori za su tuge.

Na kira Dakta. Na yi mata bayani shap-shap ina haki. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "Kar a ƙona. Ga ni nan."

Kafin ta iso, masu gayya sun watse da godiya, Manaja ya hana ƙonawa da cewa hayaƙi zai ɓata fenti. Ya tsaya gaban tsaunin nan ya riƙe ƙugu, ya daɗe, sai na ga idonsa ya kawo wani haske da ban yarda da shi ba. A bayan sito akwai wata tsohuwar bas ta hukuma, tana zaune a kan duwatsu, tayoyinta sun daɗe da yin gaba. Oga ya naɗe babbar riga ya ɗaure a ƙugu, ya kira mai gadi, ya kira ni, ya ce a loda. Muka yi ta runguma muna turawa, kujerar baya, ƙarƙashin kujeru, har wajen direba. Ƙofar sai da Oga ya sa kafaɗa kafin ta rufu.

Dakta ta iso wajen la'asar sakaliya. Ta tsaya bakin gona da jakarta a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta dai bi kunya ɗaya har ƙarshe ta dawo. Ta tsugunna ta taɓa ramin da aka tuge wata. Ni na fi son ta zage mu, shirun nan ya fi zagi ciwo.

Manaja ya matso yana murza hannu. "Dakta, ki kwantar da hankali. Ni na ga wata hanya. Me aka turo ki yi? Maganin wuta-wuta. Me kwamiti zai gani gobe? Gona ba wuta-wuta. To ina matsalar?"

Ta ce, "Malam Lawan, har a kaura babu."

"To sai me? Su waye za su bambance kaura da sabon iri daga bakin hanya? Ba na ce ki yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Shiru kawai za ki yi, ni zan yi magana. Dakta, akwai masu iyali a tashar nan. In aka rufe, ke za a ba ki tebur a Kano. Mai gadi fa?"

Nan fa maganar ta yi nauyi, don gaskiya ya faɗa, mai gadi na tsaye yana ji. Dakta ta kalli mai gadin, ta kalli gona, ta ce Allah ya kai mu goben. Ta shige ɗakinta. Ni dai ban san me za ta yi ba, kuma ina jin ita ma a lokacin ba ta sani ba.

Washegari an ce da hantsi za su zo, sai da rana ta take suka iso, motoci a jere. Shugaban kwamitin, Ciyaman, tsohon ɗan siyasa ne, ya ɗau wanka da farar shadda mai ƙara, turarensa ya riga shi fitowa daga mota. Yana da gonaki shi ma, don haka ya san wuta-wuta sanin maƙiyi. A bayansa akwai wani tsoho siriri, Farfesa, ya yi ritaya da daɗewa, riga duk ta yi masa yawa, ba ya cewa komai sai kallo. Sauran 'yan rakiya ne da mai ɗaukar hoto.

Manaja ya karanta jawabi, fanka na juyawa da man da na sha wahala a kansa, aka sha lemo, aka fita gona.

Ciyaman ya tsaya ya kare ido da hannu. Ya duba gabas ya duba yamma. Ya ce, "Manaja, ba nan ne aka ce min an zuba wuta-wuta da gangan ba?"

"Nan ne, ranka ya daɗe."

"To tana ina?"

Oga ya buɗe hannu biyu kamar mai addu'a. "Ranka ya daɗe, ido ya fi baki."

Jama'a, sai ga Ciyaman ya yi kabbara. Ya shiga kunya da takalminsa mai tsada yana ɗaga ganye yana leƙawa. "Babu! Ko ɗaya babu! Kai! Ni da nake asarar gona guda duk shekara!" Ya kira mai hoto ya ce ɗauke ni nan, ɗauke ni can. Ya ce yau ɗin nan zai shiga rediyo ya yi wa manoma albishir. Ya ce tashar nan ba rufewa ba, gini za a ƙara mata. Har ya fara tambaya ko an raɗa wa irin suna, don shi yana da shawara. Manaja sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare. Mai gadi na murmushi. Ni kaina, ba zan ɓoye muku ba, sai da na ji wani sanyi a raina, na ce shi ke nan mun haye.

Sai na ji muryar Dakta, ƙasa-ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ba irin ne ya yi wannan ba. Jiya aka tuge ta da hannu."

Ciyaman ya juyo, ya kalle ta, sai ya fashe da dariya. "Kun ji masu ilimi! Kullum ba sa son yabo. 'Yata, karɓi abinki, Allah ne ya ba ki."

Manaja ya yi caraf. "Gajiya ce, ranka ya daɗe, jiya a hanya ta wuni. 'Yar share-share ce aka yi a gefe-gefe."

"Ba gefe ba ne, duka gonar ce," in ji Dakta. "Ƙirgar bana ta lalace. Ba ni da sakamakon da zan ba ku."

Ciyaman ya ce haba, haba, a daina wasa. Mutumin nan fa ya riga ya ga kansa a rediyo, ba ya son a tashe shi. Da Dakta ta ga baki ba zai yi ba, sai ta ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a biyo ni." Ta nufi bayan sito. Kowa ya bi ta. Manaja na baya yana cewa can ba a share ba, akwai macizai. Ba wanda ya kula shi.

Ta kama ƙofar bas ta ja. Ta ƙi. Ta kalle ni ta ce, "Auwalu." Na kalli Oga, Oga ya kalli sama. Na ce bisimilla na sa ƙarfi.

Baaba! Abin da ya kwana a matse ya wuni a rana cikin ƙarfe! Wani tururi ya fara fitowa mai warin rubabben ganye, sannan lodin ya zubo gaba ɗaya, yuuu, har kan takalmin Ciyaman da gindin shaddarsa. Ya yi tsalle baya, irin tsallen da ban zaci jikinsa zai iya ba. Mai hoto, Allah ya shirye shi, hannunsa ya riga hankalinsa, sai ji muka yi ƙyas. Fure ɗaya ya maƙale a aljihun Ciyaman kamar ango.

Dariya ta taso min tun daga cibiya. Na cije leɓe, na tuna kakata da ta rasu, na tuna sakamakon aji biyu, duk don kar ta fito.

Ciyaman ya zare. Ya ce wannan cin amana ne, wannan rainin hankali ne, a rufe tashar yau ba gobe ba, a kawo masa makulli. Manaja ya durƙusa yana ranka ya daɗe, ranka ya daɗe. Sai a lokacin Farfesa ya buɗe baki karo na farko. Ya ce a zauna tukuna, kwamiti ba ya yanke hukunci a tsaye.

Aka jera kujeru gindin darbejiya. Farfesa ya sa kowa ya faɗi nasa, ɗaya bayan ɗaya, har ni. Da aka gama ya juya wajen Dakta. Ni na ɗauka jinjina zai yi mata. Sai ya ce, "Dakta, damuna uku kina shuka wuta-wuta a tsakiyar gonakin mutane. Wa ya taɓa zama da su ya gaya musu dalili?"

Ta ce akwai allo a bakin gona.

"Da wane yare?"

Allon da Turanci yake, kuma tsatsa ta cinye rabinsa.

Ya sa aka kira Sarkin Noma. Baba Ɗanjuma ya zo da sabuwar hula, don shi a zatonsa kyauta za a ba shi. Da aka yi masa bayanin abin da gayyarsa ta yi, ya riƙe baki. Ya ce, "Wai da gaske yaron nan yake jiya? Shuka ta kuke yi?" Aka ce e. Ya ce, "Inna lillahi. Ranka ya daɗe, mu fa tausayi muke ji. Shekara uku muna wucewa muna ganin gonar gwamnati na ci da wuta, mata na cewa kai, talaucin bana har gwamnati bai bari ba, ko kuɗin cire ciyawa ba ta da shi. Baiwar Allahn nan kullum tana ciki tana tsugunne tana kallon abin, mun ɗauka takaici ne. Kunya ce ta hana mu yi mata magana." Ya ɗan tsaya, murya ta canja. "Kuma tunda an zo nan, bari in faɗa. Gonata ce ke manne da taku ta gabas. In abin nan ya zubar da 'ya'ya, iska ba ta san iyakar gwamnati ba."

Dakta ta yi masa bayani cewa da an gama ƙirga ake tugewa a ƙone tun kafin 'ya'yan su nuna. Ya ce, "To madalla. Amma yau na fara ji." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Wannan laifina ne."

Duk wannan Ciyaman na zaune yana huci yana goge takalmi da hankici. Can sai ya tsaya cak. Ya ce, "Tsaya. Da yanzu na shiga rediyo na ce an samu irin da wuta-wuta ba ta taɓawa ko kaɗan, mutane su saya su shuka, baɗi ta fito musu... gidan wa za su zo?" Ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Gidana! Da muryata suka ji!" Ya nuna Manaja da hankicin. "Kai da ka bar ni na tafi!" Ya juya wajen Dakta, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Ke kuma kin ɓata min shadda, amma kin tsare min mutunci."

A ƙa'ida kwamiti ba ya rufewa ba ya buɗewa, shawara yake kai wa majalisa, ita ke yankewa. Amma kafin su tashi Farfesa ya faɗa mana abin da za su kai. Ba za a rufe tasha ba. Za a ƙara wa Dakta damuna ɗaya, bisa sharaɗin kafin ta sake zuba ko ƙwaya ɗaya sai ta tara mutanen gari ta yi musu bayani da Hausa, kuma a sa mutum biyu daga garin cikin kwamitin tashar, su san abin da ake yi a maƙwabcinsu. Manaja kuma zai amsa takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, ya bayyana yadda dukiyar bincike ta shiga motar hukuma. Daga baya majalisa ta amince da duka. Oga bai rasa aikinsa ba, amma an ja masa kunne sosai, har yau in ka ce bas a gabansa sai ya canja hira.

Saura matsala ɗaya. Irin wuta-wutar da Dakta ta tara ya ƙare, na bana an tuge shi ɗanye, kuma ba abin da za a sake tarawa da shi. Damuna an ba ta, amma ba ta da inda za ta yi gwajin, sai in ta samu gonar da wuta-wuta ta riga ta cika.

Aka yi taron a ƙofar gidan dagaci bayan sallar Juma'a, gari ya cika. Dakta ta tsaya da zangarniyar dawa biyu a hannu ta yi bayani tiryan-tiryan, ba Turanci ko ɗaya, ni kaina ranar na fi gane aikin. A ƙarshe ta faɗi damuwarta, ta ce tana neman ƙasar da wuta-wuta ta yi wa katutu.

Wani tsoho daga baya ya miƙe. "Wai wuta-wuta kike nema? Hajiya, zo gonata. Kyauta."

Wani ya ce, "Kai Malam Audu zauna, taka har dawa take yi. Tawa bara ko kara ban samu ba."

"Ƙarya kake, tawa ta fi taka lalacewa, kowa ya sani!"

"A je a gani!"

Wallahi sai da dagaci ya tsawatar. Dattawa da gemu suna rantsuwa kowa tasa gonar ce ta fi mutuwa. Dakta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ranar na fara ganin dariyarta. Kafin a tashi ta samu gonaki fiye da yadda za ta iya bi, kuma masu gonakin da kansu suka ce su za su tsare fegi, duk yaron da ya taɓa fure shi da su.

To 'yan aji uku, ga abin da na kwaso. A aikin nan za a kai ku inda kowa zai ji daɗi in kun yi shiru, oganku, baƙi, har ku kanku. Ranar nan shiru kawai ake nema a wajen Dakta, ba ƙarya ba, kuma da ta yi shi da an ƙara mana gini. Ta ce ba ta da sakamako a gaban mutanen da suka zo rufe ta, abin da ya sa aka yarda a sake ba ta gona ke nan. Sannan duk abin da za ku shuka da sunan gwamnati, ku fara zuwa ku gaida mai gonar da ke kusa ku gaya masa ko mene ne, da yaren da yake ji. Shi ma mai sa ido ne, kuma shi ba sau ɗaya a shekara yake zuwa ba, kullum da safe yana nan da fartanyarsa.